Wa ke cin kwangilar maganin asibitin gwamnati, kuma mi ya sa ake rigima a kai?

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura. Maganin hawan jini ko na suga da likita ke rubuta maka a asibitin gwamnati, kafin a miƙo maka shi ta taga, akwai wanda ya ci kwangilar kawo shi, kuma a wajen cin kwangilar nan ne ake ta kai ruwa rana.

A takarda dai abin ba wuya. Dokar kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilar gwamnatin tarayya, cewa ta yi a tallata aiki, kowa ya kawo farashinshi a rufe, a buɗe gaban jama'a, wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙi shi ya ci. Jihohi ma suna da irin tasu.

Toh amma wa ke rubuta sharuɗɗan? Nan fa gizo ke saƙa. In aka rubuta ana son Augmentin, maimakon a rubuta asalin sinadarin wato amoxicillin da clavulanic acid, kunga an kori duk kamfanin da ke yin irinshi da wani suna, alhali shi ma yana da rajistar NAFDAC, tun ba a buɗe ambulan ko ɗaya ba an riga an san mai ci. Kuma kun dai ga yadda kuɗin Augmentin ɗin ya yi sama bayan GSK, kamfanin da ke yin shi, sun sanar da rufe harkarsu a Najeriya a 2023, ga faɗuwar naira a shekarar.

Sai batun na gida da na waje. A 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a fifita kayan da aka yi a Najeriya wajen sayayyarta, aƙalla kashi 40 cikin ɗari, magani na cikin jerin. Masu masana'anta na cewa ba a bin umarnin yadda ya kamata, masu shigowa da shi daga Indiya da Sin kuma na cewa nasu ya fi araha, don mi za a sa mara lafiya ya biya ƙari? Wallahi kowa na da hujja, ni dai a wajena araha kaɗai bata isa ba, maganin da ya lalace a zafin sito ko na jabu ai ba sauƙi aka yi wa talaka ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jinkirin biya. Tsarin asusun magani mai juyawa, wanda ya samo asali daga taron Bamako na 1987, dabararshi ita ce a sayar a sake sarowa da kuɗin, to in aka taɓa kuɗin aka yi wani abu da su, ɗan kwangila ya yi wata da watanni yana bin bashi, ƙaramin mai kemis ba zai iya jira ba, sai manya masu jari su rage, su kuma su ɗora ladan jiransu kan farashi, ƙarshe a ce maka babu, je ka saya a waje.

Wanda yake ganin an zalunce shi a kwangilar tarayya, doka ta ba shi kwana 15 na aiki ya kai ƙorafi a rubuce wajen shugaban ma'aikatar, in bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan sai babbar kotun tarayya. Mu kuma masu sayen maganin mu riƙa neman a wallafa sunan kamfanin da ya ci, nawa aka sayi kowane kwali, kuma yaushe aka biya shi.