Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Garin Hay, Ƙasar Wales

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani. Hakimai da 'yan majalisa da suka rako Mai Martaba, malamanmu, iyayenmu mata, da masu masaukinmu 'yan wannan gari, ina yi wa kowa sallama. A madadin 'ya'yanka Hausawa mazauna Wales, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da masu neman abinci, muna cewa sannu da zuwa, lale marhabin. Mutanen nan kuma da nasu harshen cewa suke "Croeso", kalmar da kuka yi ta gani a allunan bakin hanya.

Ranka ya daɗe, ga Kadif babban birnin Wales, ga Landan inda jirginku ya sauka, amma sai muka roƙi arziki a kawo ka wannan ɗan gari da mutanensa ba su cika 2,000 ba. Da dalilinmu, kuma zan faɗe shi.

Hay garin iyaka ne. Ɗan rafin da ke gefen gari, Dulas, shi ne ya raba Wales da Ingila. Yaro ma zai iya jefa dutse ya ƙetare shi. Ta arewa kogin Wye ne, ta kudu kuma duwatsun da tumaki ke kiwo a kansu rani da damina. Garin iyaka kuwa ba ya rasa yaƙi. Tsohuwar fadar nan da ke bayanmu an gina ta da dutse wajen shekarar 1200, zamanin wani basarake William de Braose da matarsa Matilda. Tsofaffin gari suna ba da labari wai ita kaɗai ta gina ta cikin dare ɗaya, tana ɗibar duwatsu a zaninta. Wannan almara ce. Abin da tarihi ya tabbatar ya fi shi ɗaci: sun saɓa da Sarki John na Ingila, aka kulle ta da ɗanta, yunwa ta kashe su a 1210. A 1216 shi Sarki John ya cinna wa garin wuta, a 1231 Llywelyn, sarkin mutanen Wales, shi ma ya ƙone shi. Wuta ta sake cin ginin fadar a 1939 da 1977. Duk da haka ga shi a tsaye. Wata ƙungiyar amintattu ta saye shi a 2011, aka yi shekaru ana gyara, aka buɗe wa jama'a ƙofarsa a 2022.

Amma abin da ya riƙe Hay tun asali kasuwa ce. Kowace Alhamis take ci, ɗaruruwan shekaru ke nan, shi ya sa muka zaɓi yau. Rumfar man shanu mai ginshiƙan dutse an gina ta a 1833, ta cuku kuma a 1835, hasumiyar agogo a 1884. Ranar da na fara zuwa kasuwar nan, na tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da zuma da ƙwai. Tana miƙa wa mai saye canji tana tambayarsa jikin mahaifiyarsa, da ko tumakinsa sun gama haihuwa. Wallahi sai da na ji kamar a gida nake, domin ciniki ake yi amma zumunci ya fi yawa.

Sai zamani ya juya wa garin baya. Matasa suka watse birane, kantuna suka fara rufewa, a ƙarshen 1962 jirgin ƙasa ma ya daina ɗaukar fasinja a nan. A daidai lokacin ne wani saurayi da ya gama karatu a Oxford, Richard Booth, ya karɓi tsohon gidan 'yan kwana-kwana ya zuba tsofaffin littattafai yana sayarwa. Ya riƙa zuwa har Amurka, inda ake rufe ɗakunan karatu, yana sayo littattafai kwantena-kwantena. Ya cika tsohon gidan sinima da su, ya cika fadar nan da su. Wasu suka gani suka buɗe nasu. A ranar 1 ga Afrilun 1977 ya yi abin da ya sa jaridun duniya suka waiwayo: ya ce Hay ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, ya kira kansa sarkinta. Allah ya taimaki Sarki, ba sarauta yake nema ba, talla yake wa garinsu, kuma tallar ta karɓu. Ya rasu a 2019, ya bar garin da kantunan littattafai sama da 20.

Daga nan bikin littattafai ya samo tushe. Peter Florence da iyayensa suka fara shi a 1988, yanzu kuwa duk ƙarshen watan Mayu dubban baƙi ke cika tantuna a filin bayan gari don sauraron marubuta da masana, har tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya zo ya yi magana a 2001.

Akwai wuri ɗaya da nake so Mai Martaba ya tsaya a kansa. A gindin katangar fada an jera kantoci cike da littattafai a fili, babu mai tsaro. Ka zaɓi naka, ka jefa kuɗin a akwati, ka yi tafiyarka. Na taɓa zama a wurin kusan awa guda ina kallo, ban ga wanda ya wuce akwatin bai sa hannu a aljihu ba.

Littattafan nan su ne dalilinmu na farko. Ga kuma dalilinmu na biyu, wanda ya fi taɓa mu. A 2007 Hay ta ƙulla 'yan'uwantaka da Timbuktu ta ƙasar Mali, garin Shehu Ahmad Baba, inda malamai suka riƙa fitowa suna koyarwa a Kano da Katsina tun ƙarnoni da suka wuce. In ka duba taswira, garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke, wannan a arewa, wancan a kudu. Da 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu a 2012, aka riƙa fitar da rubuce-rubucen hannu a ɓoye zuwa Bamako, mutanen nan sun bi labarin kamar gidansu ne ke ci da wuta. Mu kuma sai muka tuna da gafakokin kakanninmu da ke jibge a zaure, gara na ci, ajami da Larabci suna dusashewa. Kokenmu ke nan ga Uban ƙasa: a sa baki a tattara su, a ɗauki hotonsu, a sama musu ɗaki mai kyau inda ɗalibi zai shiga ya karanta. Mu nan a shirye muke mu ba da abin da za mu iya, na aljihu da na sani.

Ranka ya daɗe, daga nan za mu taka zuwa kasuwa tun ba ta watse ba, sannan mu hau fada. An tanadi wurin alwala da sallar Azahar, kuma iyayenmu mata sun tuƙa tuwo tun asuba. Akwai iska mai sanyi a saman hasumiya, don haka 'yan rakiya su riƙe rigunan sanyinsu.

Allah ya kai Sarki gida lafiya, ya sada shi da jama'arsa cikin alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.