Teburin Bakin Ƙofa: Lacca Ga Masu Shirin Kama Aikin Ofis A Hukumar Walwalar Jama'a

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wata tsohuwar ma'aikaciya ta yi wa matasa a birnin Kano.)

Assalamu alaikum. 'Ya'yana da ƙannena, sannunku da zuwa, kun sha rana.

An ce in yi muku magana a kan aikin mataimakin ofis. A zamaninmu akawu ake cewa, ko mai buga tafireta. Tafireta ta kau, kwamfuta ta zo, amma teburin yana nan inda yake, a bakin ƙofa. Shekara 35 na yi a kansa, wadda ita ce iyakar aikin gwamnati in mutum bai riga ya cika 60 da haihuwa ba.

Ku fara sanin masu zuwa wajenku. Wanda ya shiga Sakatariyar Audu Bako neman kwangila yana da mota, yana da wanda zai buga wa waya. Naku baƙin daban ne. Matar da miji ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar. Dattijon da aka kai jikansa gidan gyaran hali na Goron Dutse. Ma'auratan da ke neman riƙon yaro daga gidan marayu na Nasarawa. Mai unguwar da aka tsinci jariri a lungunsa da asuba. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, wani tun daga Doguwa zai taso, kuɗin motar ma rance ya yi. In ka ce masa "Baba, yallaɓai ba ya nan, ka dawo gobe," ka san a ina zai kwana?

To, ga yadda takarda ke tafiya. In ta zo, ka buga mata hatimi da kwanan wata, ka shigar da ita rajista, ka sa ta a fayil, ka ba shafin lamba. Daga nan sai jami'in walwala, shi ne zai je gidan ya gani da idonsa ya rubuto rahoto. Sai darakta, sai babban sakatare, wani lokacin har kwamishina. Kai ba ka yanke komai a ciki. Amma duk inda fayil ɗin ya motsa, ta hannunka ne, kuma akwai littafin shige da fice da dole masinja ya sa hannu a ciki.

A kan littafin nan zan daɗe, domin shi ya taɓa hana ni barci. A wani ofishi da na zauna, ranar wata Juma'a ana sauri za a tafi masallaci, na miƙa fayil ɗin wata baiwar Allah ban rubuta ba. Na ce ranar Litinin na cike. Litinin ta zo na manta. Taimakon kuɗin makarantar 'yarta marainiya take nema. Sau uku tana zuwa da goyo a baya, ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ko an dace?" ni kuma ban san ma a wane ofishi fayil ɗin yake ba. Da aka gano shi ƙarƙashin wani tulin takardu, zangon karatu ya wuce, yarinyar tana gida. Matar ba ta ɗaga mini murya ba, cewa ta yi Allah bai nufa ba. Ni na san layi ɗaya ne ban rubuta ba. Tun daga ranar, ko babban sakatare ne ya aiko, fayil ba ya barin teburina sai an sa hannu. Kuma na daina cewa "gobe". Sai dai in ba mutum rana takamaimai, in karɓi lambar wayarsa, in abin ya canza in kira shi kafin ya hau mota.

Sai baki. Kano babban gari ne, amma a gidan biki kowa ɗan'uwan kowa ne. Za ka ga sunan maƙwabcinka a fayil ɗin rikicin aure. Za ka san yaron da aka tsinta da gidan da ya karɓe shi. Kalma ɗaya a gidan suna ta isa a riƙa goranta wa yaron nan har ya yi furfura. Dokar kiyaye sirrin gwamnati tana nan tun 1962, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Ku da kuka zo da waya a hannu, jarabawarku ta fi tamu: a ɗauki hoton takarda a tura ta WhatsApp wai don a sauƙaƙa aiki, daga nan ba wanda ya san inda za ta tsaya. Kada ku yi. In za ka fita ko alwala ce, ka kife fayil, ka kulle durowa, ka rufe fuskar kwamfuta.

Na ji an kira la'asar. In mun idar, ga fayil na gwaji na zo da shi, kowa zai zo ya shigar da takarda ɗaya a rajista da hannunsa in gani.