Ba a Kiran Kare da Sanda a Hannu

Salama, 'yan uwana, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da iskar da ke bugun makirfo, garin Edinbara na ƙasar Scotland ke nan, ko rana ta fito sai ta taho da sanyinta. Sai ƙarfe huɗu zan shiga aiki yau, shi ya sa na ce bari in fito da ku mu ga wani kare. E, kare na ce. Na san haɗa maganar kare da maganar Allah zai yi wa wasunku nauyi a kunne. Ni ma da haka yake a wurina, don haka ku ɗan ba ni lokaci.

Ga shi can a kan ginshiƙin dutse, bari in matso da kyamara. Mutum-mutumi ne na tagulla, ɗan ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu, sunansa Bobi. Kun ga hancinsa yana ƙyalli? Masu yawon buɗe ido ne suka shafe shi, wai neman sa'a, har hukumar gari tana roƙo a daina. Labarin da ake bayarwa shi ne, maigidansa, John Gray, mai gadin dare ne tare da 'yan sanda. Tarin fuka ya kashe shi a 1858, aka binne shi a maƙabartar cocin Greyfriars, nan bayana. Karen ya tare a kabarin shekara 14, har ya mutu ranar 14 ga Janairu 1872. A 1867 da aka matsa kan karnuka marasa lasisi, magajin gari William Chambers ne ya biya masa kuɗin, ya sa aka yi masa abin wuya, wanda har yau yana gidan tarihin birnin. Wasu masana tarihi suna musun sassan labarin, amma mutanen garin nan sun riƙe shi tun da aka kafa hoton nan a 1873.

Mu shiga ciki, zan rage murya.

To, ga dutsen da aka kafa don tunawa da Bobi. Ku dubi ƙasa. Sanduna ne. Mutane sukan tsinto 'yar sanda su ajiye masa, domin a nan sanda abin wasan kare ce, ka jefa ya ruga ya kawo maka. Ranar da na fara ganin wannan tarin na daɗe a tsaye, saboda mu a gida cewa muke yi ba a kiran kare da sanda a hannu. A ƙauyenmu, can wajen Malumfashi, kakana yana da karen farauta, baƙi wuluk, muna ce masa Duna. Bai taɓa shiga ɗaki ba. Ragowar tuwo a jefa masa a ƙasa, in ya matso kusa da tukunya a jefe shi da itace. In aka ce wa mutum ɗan kare, an kai ƙarshen zagi. Ina 'yar shekara tara mahaukacin kare ya shigo unguwa, aka bi shi da tabare, mu yara aka kulle mu a ɗaki. Da wannan tsoron na sauka a ƙasar nan.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wata tsohuwa, ina kiranta Kaka, ta haura tamanin, ciwon mantuwa ya kama ta. Ranar farko da na buga ƙofarta na ji haushi daga ciki, ƙafafuna suka ƙi motsi. Babban kare ne, baƙi kamar Duna, shi ma ya tsufa har gemunsa ya yi furfura. Wata guda cur sai an rufe shi a kicin kafin in shiga. Yanzu ni ce nake fita da shi da safe, da leda a aljihuna, domin a nan in karenka ya yi kashi a hanya ka bar shi, tarar fam 80 ce.

Abin da na fara lura da shi a teburin cin abinci ne. Hannun Kaka yana rawa, burodi yana zubewa, shi kuwa yana kwance a ƙarƙashin tebur, kansa a kan ƙafarta, yana tsince abin da ya faɗo. Sai na tuna matar nan 'yar ƙasar Fonishiya a Markus sura 7, wadda ta zo roƙon Yesu saboda 'yarta. Ya ce mata bai dace a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba, ta ce i, Ubangiji, amma ai karnukan da ke ƙarƙashin tebur suna cin barbashin 'ya'yan. Tun ina makarantar Lahadi ayar nan take sosa mini rai, domin karen da na sani na bayan danga ne, wanda ake jifa. Ashe kalmar da aka rubuta da Helenanci ta ƙananan karnukan gida ce. Matar ta ga abin da na gani a kicin ɗin Kaka: wanda ke ƙarƙashin tebur yana cikin gida, kuma abincin gidan ya isa har ya zuba. Da wannan amsar Yesu ya ce ta tafi, 'yarta ta warke.

Sai hunturun da ya wuce babana ya rasu. Ban samu zuwa jana'iza ba, ta waya na ji muryar zumuntar mata suna waƙa a bakin kabari. Daga ranar na daina addu'a. Na daina zuwa sujada, fasto ya kira har ya gaji. Da farko fushi nake yi da Allah. Da aka kwana biyu fushin ya koma kunya, kunyar ta koma tsoro. Babana dattijon ikilisiya ne, mutumin kirki, amma in ka yi laifi ya kira sunanka, ka san dorina tana bayansa. Ban taɓa sanin cewa haka na ɗauki Allah ba sai a lokacin. Ina jin yana kira, ina ganin kamar sanda tana hannunsa, na ƙi zuwa.

Wata safiya a cikin watannin nan, Kaka ta tashi ba ta gane ni ba, ta yi ta ihu wai ɓarauniya ta shigo. Na lallashe ta har ta yi barci, na shiga kicin raina a dagule. Karen ya taho yana shinshina ni. Na daka masa tsawa da Hausa, na ture shi da ƙafa da ƙarfi, har ya yi ƙara. Ya koma lungu. Na zauna a kujera ina kuka. Bai fi minti biyar ba na ji nauyi a gwiwata, ashe ya dawo ya ɗora kansa, yana kallona. Ni na cuce shi, shi ya fara tahowa.

A cikin bas ina komawa gida, Zabura 23 ta zo bakina, wadda muka haddace tun muna yara, inda Dawuda ya ce alheri da jinƙai za su bi shi dukan kwanakin ransa. Daga baya wani malami a nan ya nuna mini cewa kalmar Ibraniyanci da aka fassara da bi, ita ce ake amfani da ita wajen fafarar abokin gaba. Wato irin bin da Duna yake wa zomo, ba ya dawowa sai ya cim masa. Wata takwas ina gudu, ina tsammanin hukunci ne a bayana.

Bari in faɗi wannan a fili, don kada wani ya yanke bidiyon ya ce na kamanta Allah da kare. Allah ya sawwaƙe, shi Mai Tsarki ne, ba abin da ya yi kama da shi. Ayuba ne ya ce a sura 12, ka tambayi dabbobi za su koya maka, kuma maƙeri ana gane hannunsa a jikin fartanya. Kuma akwai inda misalin ya tsaya. Karen Kaka bai san abin da ke zuciyata ba, bai ji maganganun da na faɗa wa Allah da dare ba, kuma ni nake zuba masa abinci. Allah ya ji duka, ba ya bukatar komai a hannuna. Uban nan na Luka sura 15 ya san sarai inda ɗansa ya kai dukiyar, amma tun yaron yana nesa ya hango shi, ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Ku yi tunanin dattijo a garinmu, da babbar riga, yana gudu a gaban jama'a saboda ɗan da ya kunyata shi. Ni na ga irin gudun nan sau ɗaya. Kaka ta yi mako uku a asibiti, karen ya tare a bakin ƙofa, abinci ma sai an matsa masa. Ranar da motar ta tsaya, da ciwon gwiwarsa da komai, ya riga kowa isa. Ita kuwa da ta manta sunan 'yar cikinta, ta kira shi da sunansa.

Lahadin da ta biyo baya na koma coci. Na zauna a bencin baya, ban iya waƙa ba, amma na zauna har aka tashi.

Bari in ajiye wannan sandar da na tsinto a hanya tare da sauran. Masu aiki irin nawa, da duk wanda ya binne nasa ta waya, ina tuna ku a addu'a. Ƙarfe uku ta wuce, sai na kama bas biyu kafin in isa gidan Kaka, kuma na san yanzu haka karen yana kwance a bakin ƙofa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, Ubangiji ya kiyaye ku.