Yadda ake sabunta ƙafar gaba da sitiyarin Peugeot 504

Jama'a, assalamu alaikum. Motar da kuke gani a kan jak ɗin nan Peugeot 504 ce. A Faransa aka fara fitar da ita a 1968, daga baya kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri nan Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya shafe shekaru yana harhaɗa ta. A shekarar 1975 ɗin ce kuma 504 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, kuma duk wanda ya taɓa hawanta a hanya mai gargada ya san sirrin yana ƙafarta. To ƙafar nan ce ta gaji, mai motar yana kukan sitiyari na rawa, taya na cinyewa ta gefe ɗaya.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a fara bincike. A ɗaga gaba, a kafa ta a kan abin tokare mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Ku kama taya sama da ƙasa ku jijjiga. In ta yi motsi, ku zargi boljoyin, wato gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kansa. Ku sake kamawa hagu da dama; motsin nan na tayarod ne, wato sandar da ke kai murɗin sitiyari ga taya, ko na rak ɗin sitiyari, ƙarfen nan mai haƙora da ke tura tayarod. Sai yaron gareji ya riƙa murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, oga yana ƙasa yana kallon inda motsin yake ɓacewa kafin ya isa taya.

Ga yadda ƙafar take. Shokozoba, mai shanye girgizar hanya, da sifirin, ƙarfen nan mai naɗi, a haɗe suke, samansu na ɗaure a jikin mota, ƙasansu na zaune kan boljoyin da ke hannun ƙasa. Hannun yana juyawa a kan bushin roba, sannan akwai sandar da ta haɗa ɓangarorin biyu don kada mota ta kwanta a kwana. Duk suna aiki ne tare, shi ya sa ba na goyon bayan gyaran da aka saba, yau a canza tayarod ɗin hagu, bayan wata biyu bushin dama. Sabon ƙarfe a tsakiyar tsofaffi shi yake ɗaukar dukan hanya shi kaɗai, nan da nan ya lalace. Motar da ta kai wannan shekaru, a sauke gaban gaba ɗaya, abin da aka canza a hagu a canza shi a dama.

Yanzu ga wurin da nake roƙonku ku natsu. Sifirin nan a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da nauyin inji. Kada a kwance notin saman shokozoba sai an kama sifirin da abin matsewa guda biyu, ɗaya kowane gefe, ana ɗaure su bi da bi har ya saki mazauninsa. Ɗaure shi da waya ko igiya kasada ce da rai. In ya kuɓuce, yana iya karya hannu ko ya fasa fuskar yaron da ke tsugune kusa. In ba ku da na'urar, ku aro.

Tunda an sauke shokozoba, a leƙa mazauninsa a jikin mota. In tsatsa ta ci wurin, mai walda ne zai fara aiki.

Sai rak. Dubi robar nan mai lanƙwasa da ke rufe bakinsa, ta yage. Ƙurar hunturu ta shiga ta cuɗe da giris, ruwan damina ya biyo baya, haƙoran ciki suka yi ta goguwa. A wanke shi tas, a duba haƙoran, musamman na tsakiya inda mota ta fi tafiya miƙe, a sa sabon giris da sababbin robobi. Wajen cire kan tayarod, a ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon daidai haka. Akwai kuma faifan roba tsakanin sandar sitiyari da rak wanda ake yawan mantawa da shi. In ya tsage, sitiyari zai ci gaba da wasa ko da komai sabo ne.

Batun kaya kuwa, a kasuwar Panteka za a samu sabo, a samu na Beljiyam. Ƙarfe kamar hannun ƙasa, tsoho mai lafiya ba laifi in bai lanƙwashe ba. Amma roba da boljoyin a sayi sababbi, a tafi da tsohon a gwada, don 504 iri-iri ce, akwai salun, akwai wagon, akwai fikof.

Wajen haɗawa, kada a ɗaure notin bushi tamau mota tana sama. A sa su sako-sako, a sauke ta, nauyinta ya zauna kan taya, sannan a ƙarasa ɗaurewa. In an ɗaure ƙafa na reto, da an sauke robar za ta murɗe, a haka za ta zauna har ta yage.

A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a raba zagayen biyu don rak ya tsaya tsakiya. Daga nan sai wurin alayimen, a daidaita bakin tayoyi ta tayarod. A gwada ta a hankali cikin unguwa, ana taka birki ana sauraro, kuma bayan 'yan kwanaki a dawo gareji a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya.