Jawabin Maraba ga Baƙonmu Farfesa daga Cibiyar Pierre Auger

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaban Tsangaya, iyayenmu malamai, ɗalibai, da babban baƙonmu Farfesa, ranka ya daɗe: sannu da zuwa, sannu da hanya. Daga Malargüe ta ƙasar Ajantina zuwa nan ba ƙaramar tafiya ba ce, mun kuwa gode da ka ratso mana.

Ɗalibanmu a allo kawai suka san aikinka, wato nazarin ƙwayoyi masu ƙarfi da ke faɗo mana daga sararin samaniya (cosmic rays) da ambaliyar ƙananan ƙwayoyi da suke haifarwa a cikin iska. Duk shekara nakan zana musu shi da alli. Hasken gama guda, wato ƙwayar haske mai tsananin ƙarfi, ya kutso cikin iska daga sama, ya gifta kusa da cibiyar zarra, sai ya rikiɗe ya zama ilektiron da fozitiron, wato kishiyar ilektiron. Kowannensu ya ɗan taɓa tafiya, ya karkace, ya fitar da wani hasken gama, shi ma ya rabu. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas, har allon ya cika ba mu kai ko'ina ba. Masana kimiyya Bhabha da Heitler ne suka tsara lissafin a 1937. A iskar da ke kusa da ƙasa, ƙwaya kan yi mita 200 zuwa 300 kafin ta sake rabuwa, kuma haihuwar ba ta tsayawa sai ƙarfin kowace ƙwaya ya sauko wajen MeV 85 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne). Daga nan iska ta fara lashe su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gano abin. A 1938 masanin kimiyya Pierre Auger ya ajiye na'urorin ƙirga ƙwayoyi nesa da juna, ya ga suna bugawa lokaci guda, ya gane cewa uwa ɗaya ce ta haifi dukan abin da suka ƙirga. Cibiyar da kake aiki, mai ɗauke da sunansa, ta baza tankuna sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000, kowanne da ruwa lita 12,000, don gano ƙwayoyin da suka ratsa ruwan. A daren da babu wata kuma, madubanku na kallon ɗan hasken da naitirojin ke fitarwa idan ambaliyar ta ratsa shi. Ƙwayoyin da suka fi ƙarfi kuwa, murabba'in kilomita guda kan jira kusan shekara 100 kafin ɗaya ta faɗo masa. Wannan aiki sai mai haƙuri.

Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yanzu haka suna ratsa mu?" Na ce ƙwarai, ƙwayar miyon guda, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ambaliyar ke haifarwa, na ratsa kowane murabba'in santimita kusan duk minti. Ta dubi tafin hannunta ta yi shiru. Ba ni da abin da zan nuna mata, kuma har yau abin na damuna.

Don haka ga kokenmu, ranka ya daɗe. Ka taimake mu da shawara da horo mu haɗa ƙananan na'urori biyu a kan rufin wannan gini, yaranmu su maimaita gwajin Auger da hannunsu. Ɗalibar nan tana zaune a layin gaba. Bisimillah, ga lasifika.