Ranar da Taɓon Kinder Scout Ya Haɗiye Mini Takalmi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Wannan baƙin abu da kuke gani a hannuna takalmi ne, ko da yake na san da wuya ku yarda, kuma da safiyar yau ɗin nan fari ne tas. Na ɗauko shi in nuna muku kafin in wanke, domin shi ne shaidata a kan abin da ya same ni yau Asabar a saman tsaunin Kinder Scout, inda wata dattijuwa da ta haura shekara 65 ta kama ni da hannu biyu ta fizgo ni daga cikin taɓo, ni da nake taƙamar cinye kilomita 10 a cikin minti 43. Har yanzu kunyar ba ta sake ni ba, amma idan na ce muku raina a ɓace yake, na yi ƙarya.

Shekarata biyu ke nan a Sheffield, a arewacin Ingila, kuma duk gudun da na yi a tsawon wannan lokaci a kan kwalta na yi shi. Kowace Asabar da ƙarfe tara na safe ina zuwa parkrun, wato gudun kilomita 5 da ake yi kyauta a wuraren shaƙatawa, kuma ba yabon kai ba, da wuya in fita daga sahun gaba. Wannan ne ya sa lokacin da wani abokin aikina ya ce in biyo ƙungiyarsu ta masu gudun tsauni, wadda ke fita daji kowane ƙarshen mako, na amsa ba tare da na tambayi komai ba. Kuɗin rajistar shekara fam 20 ne, na biya ta waya a tsaye, ina cewa a raina gudu ai gudu ne, ko a kwalta ko a dutse.

Mun hau jirgin ƙasa daga Sheffield zuwa wani ƙauye da ake kira Edale, tafiyar kusan rabin sa'a, mu goma sha huɗu. Muna sauka a tasha sai dattijuwar nan, wadda ita ce jagorar fitar, ta ce kowa ya buɗe jakarsa ta gani. Ni ban ma zo da jaka ba, daga waya sai gorar ruwa. Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa, sannan ta lissafo mini abin da ya kamata a ce ina ɗauke da shi: rigar ruwa da wandonta waɗanda aka liƙe ɗinkinsu don kada ruwa ya ratsa, da hula, da safar hannu, da taswira ta takarda, da kamfas mai nuna alƙibla, da usur, da ɗan abin ci na ko-ta-kwana. Ta ce wannan shi ne abin da ƙungiyar masu tseren tsauni ta ƙasa ke wajabtawa a dogayen gasanni, kuma su a kulob ɗinsu ba sa sassauta shi ko a fitar atisaye da zarar sanyi ya shigo. Gaskiya na ji haushi, domin rana ta fito, sararin sama tangaram, kuma ga ni babban mutum ana bincike na a gaban jama'a kamar ɗan makaranta. Nan take wannan ya ara mini riga, wancan ya miƙo hula, ita kuma ta rataya mini usur a wuya. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta kai tsaye kamar yadda kowa yake yi, amma bakina ya ƙi, domin a haife ta haife ni, saboda haka har muka dawo Mama nake ce mata, tana dariya.

Farkon hanyar shimfiɗaɗɗe ne, a kan sananniyar hanyar ƙafa ta Pennine Way wadda ke farawa daga nan Edale, kuma a nan na nuna musu ko ni wane ne. Na wuce gaba, ina waiwayowa ina jiransu da hannu a ƙugu. Sai muka iso wani hawa mai matakalar duwatsu da suke kira Jacob's Ladder, wato tsanin Yakubu, na ga dukansu sun daina gudu, sun sunkuya, sun dafa gwiwoyinsu da tafin hannu suna takawa da sauri. Na ce a raina ashe iyakarsu ke nan, na ci gaba da gudu. Ban kai rabin hawan ba cinyoyina suka ɗauki zafi kamar an zuba musu garwashi, numfashina ya koma sama, sai ga Mama ta zo ta wuce ni a sunkuye, tana ba wata labarin jikokinta ba tare da ko haki ba. Agogon hannuna ya nuna mini cewa kilomita ɗaya tak ta ci mini minti 16. Daga baya ne ta fahimtar da ni cewa a hawa mai tsauri, tafiyar dafa gwiwa ta fi gudu sauri kuma ta fi tanadin ƙarfi, domin hannaye na ɗauke wa ƙafafu wani ɓangare na nauyin jiki.

A wannan hawan ne na ga abin da ya fara huce mini haushi. Waɗanda suka riga kowa kaiwa sama ba su tsaya suna kallon agogo ba, sai suka juyo suka gangaro har inda na ƙarshe yake, wato ni, suka sake hawa tare da ni. Haka suke yi a kowace mararraba: mai ƙarfi ya ƙara wa kansa nisa, mai rauni kuma ba a barinsa shi kaɗai, kuma jagora tana ƙirga kawuna kafin a motsa. Babu wanda ya yi mini gori a kan tsayuwar da na riƙa yi musu da hannu a ƙugu, kuma wannan shirun ya fi gori ciwo.

Tsayin Kinder Scout mita 636 ne, wanda a takarda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma muna kaiwa sama duniya ta sauya. Ranar da na dogara da ita ta ɓace, hazo ya rufe mu har ba na iya ganin mutum na uku a gabana, iska kuma ta riƙa ratsa rigar audugar da na jiƙe da gumi. Da rawar jiki na zura rigar aron da na raina a tasha. A bakin tsaunin akwai wani wuri da ruwa ke zubowa daga kan dutse, Kinder Downfall, kuma na ga da idona iska tana kama ruwan tana mayar da shi sama, yana watso mana a fuska maimakon ya faɗi ƙasa. Na so in ɗauko muku hotonsa, amma yatsuna sun ƙage, waya ta ƙi jin taɓawata.

Daga nan muka ratsa tsakiyar saman tsaunin, inda babu hanya sai fadama baƙa wuluk mai cike da kwazazzabai. Mama ta gargaɗe ni cewa in riƙa taka tushen ciyawa mai kauri, in guji wuri mai santsi da kuma inda kore ya yi shar fiye da kima. Na ji, amma da na ga suna zagayawa alhali ga fili miƙaƙƙe a gabana, sai na yanke. Taku na uku ƙafata ta dama ta nutse har cinya, da wani sauti kamar na bakin saniya. Sanyin ya harba mini har ƙwaƙwalwa. Na yunƙura, ta hagu ma ta bi. Ta ce kada in yi kokawa da shi, in kwanta da ƙirji in baza nauyina, sannan ta kafa ƙafafunta a kan ciyawa ta kama wuyan hannayena ta ja. Na fito, amma da safa kawai, takalmin ya zauna a ƙasa. Sai da na kwanta rub da ciki na zura hannu har kafaɗa ina lalube a cikin ramin da ƙafata ta bari kafin yatsuna su kama igiyarsa, mutum goma sha uku suna tsaye a kaina suna tafi. Wani daga cikinsu ya bayyana mini cewa wannan baƙar ƙasa ragowar tsirrai ce da ruwa ya hana su ruɓewa, kuma kaurinta na ƙaruwa da kusan milimita ɗaya kacal a shekara, ya ce saboda haka in yi alfahari, ƙafata ta taɓo abin da ya kwanta tun ɗaruruwan shekaru.

Ina zaune ina ɗaure takalmin na tambaye su abin da yake cina tun safe, wato yadda muka riƙa buɗe ƙyauren gonakin mutane muna ratsa garken tumaki ba wanda ya ce mana uffan. Ashe a wannan tsaunin aka yi gwagwarmayar samun wannan 'yancin. A da, masu ƙasa sun killace shi domin harbin tsuntsaye, talaka ba ya takawa. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Manchester, ƙarƙashin jagorancin wani matashi Benny Rothman, suka hau da gangan, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 aka mayar da yankin Peak District, inda wannan tsaunin yake, gandun shaƙatawa na ƙasa, na farko a Birtaniya, sannan a shekarar 2000 aka yi dokar da ta ba jama'a damar yawo a irin waɗannan tsaunuka da fadamu. Na dubi taɓon da ke jikina na ce, ashe har kurkuku wasu suka shiga domin in samu damar nutsewa a nan.

Gangarowa kuwa wani darasi ne daban. Su suna sakin jiki, hannaye a baje, taku gajere da sauri, suna sauka kamar awaki, ni kuma ina zamewa, na zauna daɓas har sau uku. Tafin takalmansu yana da haƙora masu cizon ƙasa, nawa kuwa sumul yake, na kwalta. A hanya suka ba ni labarin Jasmin Paris, likitar dabbobi wadda a Janairun 2019 ta lashe tseren Spine, mil 268 a kan wannan hanya ta Pennine Way daga Edale har cikin Sikotland, a cikin sa'a 83 da minti 12, ta kayar da maza duka, alhali tana tatsar nono domin jaririyarta a wuraren hutu. Tun daga nan ban sake ambaton minti 43 ɗina ba.

Duk wanda yake nan ƙasar kuma wannan bidiyo ya sa masa sha'awa, ina gargaɗinsa da abin da ya ci ni. Kada ya sa rigar auduga, domin tana riƙe gumi ta koma ƙanƙara a jiki. Kada ya dogara da waya, domin sanyi na zuƙe batir, kuma a cikin kwazazzaban nan sau da yawa babu layi. Ya sani cewa a wannan watan na Nuwamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, saboda haka tocila ba ado ba ce. Idan ya ga saniya da ɗan maraƙinta ya zagaye nesa, kuma ƙyauren da ya tarar a rufe ya mayar da shi a rufe. Idan tsautsayi ya afku, 999 ake kira a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni, waɗanda 'yan sa-kai ne da ke barin gidajensu su hau neman mutum ba a biyansu ko kwabo. Abin da ya fi duka, kada ya je shi kaɗai a karon farko.

A jirgin dawowa na kira mahaifiyata na nuna mata kaina ta bidiyo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, wa ya koro ka har cikin daji?" Na rasa amsar da zan ba ta, sai kewar rana mai zafi da busasshiyar ƙasa ta taso mini, ina zaune da safa jiƙaƙƙiya ina kallon ruwan sama yana bin gilashin taga. Duk da haka, kafin mu shiga Sheffield na riga na sayi takalmi mai haƙora a intanet, fam 110, wanda har yanzu cirar kuɗin ke yi mini zafi. Asabar mai zuwa tsaunin Mam Tor za mu hau, kuma Mama ta ce ita da kanta za ta sake buɗe jakata a tasha. Yanzu bari in je in wanke wannan, in cusa masa tsofaffin jaridu ya tsotse ruwa, sannan in wanke rigar mutane in mayar musu.