Sharhi: Linzamin jirgin sama

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa rakiyar maniyyaci filin jirgi ya ji wannan tambaya a bakin wani, ko shi da kansa ya yi ta a zuci: wai yaya aka yi ƙarfe mai nauyin kusan tan 400, cike da mutane da jakunkuna, yake ɗagawa sama kamar shirwa? Yawancinmu amsar da muke bayarwa ita ce ƙarfin inji. To, inji kam da aikinsa, amma tarihin jirgin sama ya nuna ɗan Adam ya daɗe da iya rabuwa da ƙasa. Abin da ya gagare shi shekaru aru-aru shi ne sarrafa abin hawan bayan ya ɗaga.

A ƙarni na 9, a birnin Ƙurɗuba ta Andalus, an yi wani malami mai suna Abbas ibn Firnas. Masanin tarihi al-Maƙƙari ya ruwaito cewa ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai, ya kuma yi 'yar tafiya a sama. Wajen sauka ne ya ji ciwo a baya, domin bai yi wa kansa jela ba, alhali da jela tsuntsu yake sauka. Bayan shekara dubu sai ga Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ya yi shawagi sama da sau 2,000 da fukafukai marasa inji, yana tasowa daga kan tudu. Da jikinsa yake tuƙi, ya wurga ƙafafu dama ko hagu. A watan Agustan 1896 iska ta fi ƙarfin wannan dabara, ya faɗo, washegari rai ya yi halinsa.

Ga kuma Samuel Langley, babban masani a birnin Washington, wanda rundunar sojan Amurka ta ba shi dala 50,000 don ya ƙera jirgi. Injinsa na da ƙarfin doki 52. Sau biyu ana cilla jirgin daga saman wani kwalekwale, sau biyu yana nutsewa cikin kogin Potomac, na ƙarshe ranar 8 ga Disamba 1903. Jaridu suka yi ta yi masa dariya.

Kwana tara kacal bayan haka, wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kekuna a garin Dayton na jihar Ohio, Wilbur da Orville Wright, suka yi abin da ya gagari Langley. Ranar 17 ga Disamba 1903, a rairayin da ke kusa da ƙauyen Kitty Hawk na jihar North Carolina, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci mita 37. Kafin rana ta faɗi yayansa Wilbur ya yi daƙiƙa 59 a sama, ya ci mita 260. Injinsu ƙarfin doki 12 ne, wani makanikin shagonsu mai suna Charlie Taylor ya haɗa shi, kuma duk abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba. Babu ɗayansu da ya yi jami'a.

A ganina sana'ar keke ce ta ba su sa'a. Mai keke ya san abin hawansa ba ya tsayawa da kansa, mahayi ne ke riƙe shi, kuma in za ka sha kwana dole ka karkata. Wilbur ya riƙa zura wa ungulaye ido, ya lura idan iska ta bugi ungulu ta gefe, sai ta ɗan murɗa bakin fukafukanta ta daidaita. Suka kwaikwayi wannan da wayoyi masu murɗa fiffike. A 1901, da suka ga lissafin da suka gada daga magabata bai yi daidai da abin da suke gani ba, sai suka haɗa wani akwatin katako da fanka a bakinsa, suka gwada siffofin fiffike kimanin 200 ɗaya bayan ɗaya. A 1902 suka ƙara jela mai juyawa, suka yi ta shawagi ɗaruruwan lokuta ba inji, har hannunsu ya faɗa. Sai a ƙarshe suka ɗora inji. Takardar mallakar fasaha da aka ba su a 1906 ma ta hanyar sarrafa jirgi ce.

To yaya fiffike ke ɗaga jirgi? Mai sauraro, tuna lokacin da kake yaro ka fitar da hannu ta tagar mota tana gudu, kafin babba ya daka maka tsawa. Tafin hannu a shimfiɗe, iska na wucewa abinta. Ka ɗan ɗaga gabansa, sai ka ji an cilla hannun sama. Ka tura iska ƙasa ne, ita kuma ta tura ka sama. Haka fiffike yake yi: lanƙwasarsa da ɗan ɗagin gabansa suna karkatar da iska zuwa ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya rinjaya. Aikin inji shi ne ya tura jirgin gaba har iska ta riƙa ratsa fiffiken da gudu. Shi ya sa babban jirgin fasinja sai ya sheƙa a kan titinsa ya haura kilomita 250 a awa kafin ya ɗaga hanci. Iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, don haka jirgin da zai tashi daga Kano ko Yamai da tsakar ranar bazara ya fi buƙatar dogon titi a kan wanda zai tashi da asubar hunturu, wani lokaci ma sai an rage masa kaya.

Af, tunda an ambaci Kano: shekara 22 bayan Kitty Hawk, a watan Nuwamban 1925, jiragen sojan Ingila uku suka iso birnin daga Masar ta hanyar Sudan da Chadi, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham.

Linzamin jirgin yau uku ne, kamar dai na 'yan'uwan nan. Akwai 'yan fallaye a bayan fukafukai, na dama ya ɗaga na hagu ya sauka, jirgi ya karkata. Akwai na kwance a jela, mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Akwai na tsaye a jelar, wanda matuƙi ke takawa da ƙafa, mai juya hanci dama ko hagu. Kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Idan aka ɗaga hanci fiye da kima, iska sai ta daina bin bayan fiffike, ɗagin ya yanke, jirgi ya fara zubowa ko da injinsa na ruri. Maganin kuwa ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum, domin sunkuyar da hancin ake yi zuwa ƙasar da ake tsoro, har gudu ya dawo. Rashin yin haka na cikin abin da ya hallaka mutum 228 ranar 1 ga Yunin 2009 a jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris, bayan ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudunsa a kan tekun Atlantika.

Mu koma Dayton, garin masu keke. Ranar 30 ga Oktoban 1935 sojojin Amurka na gwajin wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing mai inji huɗu, a filin da aka sa wa sunan Wright. Ya tashi lafiya, ya miƙe sama, sai ya rikito ya kama da wuta, mutum biyu suka rasu. Bincike ya gano injinan ƙalau suke. An manta ne ba a cire makullin da ke riƙe linzamin jela ba, wanda ake sawa don kada iska ta kaɗa shi idan jirgi na ajiye. Ƙwararren matuƙi ne ke riƙe da shi, amma abubuwan da zai tuna sun yi wa kai ɗaya yawa. Daga nan matuƙa suka fara rubuta jerin abubuwan dubawa a takarda, ɗaya ya karanta ɗaya ya tabbatar, kuma har yau haka ake yi.

Saboda haka idan Allah ya sa ka samu kujerar taga, kafin jirgi ya hau titin tashi ka dubi fiffike. Za ka ga fallayen nan sun ɗaga sun sauka, alhali jirgin na ƙasa. Matuƙi ne ke gwada linzaminsa.

Sai wani jiƙon, a huta lafiya.